Kwalbar Bitamin Da Ka Aiko Wa Umma

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Anti da ɗana. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a aikinka. Mu ma nan alhamdu lillahi. An gyara keken ɗinkin Baba, ya koma fita shago. Auta ta zubar da haƙoran gaba, yanzu in za ta yi dariya sai ta rufe baki da hannu. Na rubuto ne don wayar gidan ɗaya ce, a aljihun Baba take, kuma ka san ni, in aka miƙo mini ita gaisuwa kaɗai nake iyawa. Maƙwabcinmu direba zai kawo maka.

Yaya, ka yi haƙuri, maganar ta fi ƙarfin bakina. Umma tana da juna biyu, kuma haihuwa ta matso. Babu wanda ya iya gaya maka. Umma tana jin nauyinka, kai ne ɗan fari, ga ka har da ɗanka. Baba kuwa ce maka kawai ya yi jikinta babu ƙarfi. Shi ya sa ka aiko da bitamin mai hoton dattijo da dattijuwa suna dariya. Ba laifinka ba ne. Amma ranar da kwalbar ta iso, Baba ya kwashe ƙwayoyin da aka ba Umma a wurin awo ya ɗora a kan kabad, dama tana cewa suna tayar mata da zuciya. Ya kai kwalbar shago ya nuna wa abokansa. Kullum da safe shi da kansa yake buɗewa, ya sa mata ƙwaya a tafin hannu, ya tsaya sai ta haɗiye.

Ni dai na ga Umma tana ta yin fari. In ta share tsakar gida sai ta jingina da bango tana haki. Da na raka ta awo, nas ta ja fatar idonta ta duba, aka ɗebi jini, aka ce ya yi ƙasa sosai. Nas ta hau faɗa, Umma ta rantse kullum tana shan magani, ta ciro kwalbar daga jaka, don Baba ya ce a nuna musu su ga irin na kirki. Nas ba ta ko kalli hoton ba, juya kwalbar ta yi. Ta ce wannan na waɗanda suka haura hamsin ne, da gangan ba a sa masa ayon ba, kuma ayon shi ne mai ƙara jini. Ta ce irin bitamin A da ke ciki ma ya yi wa mai ciki yawa. Ta kama yatsana ta ɗora a kan ƙananan rubutun baya, ta ce tunda ni ce mai karatu in riƙe: mai ciki ayon take nema da folik asid, sai aidin da kalsiyam da bitamin D, a kuma duba ranar lalacewa. Kada a sha da shayi, kada a haɗa iri biyu. Sannan ta rage murya, ta ce in jinin bai hau ba kafin haihuwa, Umma ba ta da jinin da za ta zubar.

A hanya Umma ta ce in ja bakina. Na kasa. Da Baba ya dawo na durƙusa na gaya masa, kaina a ƙasa. Ya juya ya tambayi Umma yaushe aka fara ba da takardar likita a firamare. Ya ce su nas nasu suke so a sha, kuma ɗansa ba zai aiko wa uwarsa abin cutarwa ba. Ya ce sai in wanda ya aiko ne ya ce a bari da bakinsa. Na shiga ɗaki na yi kuka. To ga inda muke: da safe Umma tana shan naka don Baba yana tsaye a kanta, na asibiti kuma tana tsoron taɓawa tunda an ce kada a haɗa. Jiya wajen famfo ta zube a zaune, ta ce duhu take gani. Da ta farfaɗo, abin da ta fara cewa shi ne kada kowa ya ji.

Don Allah ka kira Baba. Ba sai ka ambaci cikin ba in kana jin kunya. Ka ce masa ya riƙe kwalbar ya dinga sha da kansa, ai shi ta dace da shi, Umma kuma ta koma na asibiti. Kada ka tsaya neman wani ka aiko, babu lokaci, wanda ake bukata yana nan kan kabad. In ya tambayi wa ya gaya maka, ka ce ni ce. Zan ɗauki faɗan.

Ka gaida Anti ƙwarai, ka shafa mini kan ɗana, ka gaida Kawu in kun haɗu. Gwaggo da Auta suna gaishe ku. Umma ba ta ba da saƙon gaisuwa ba, don ba ta san na rubuto ba. Ka kira da sassafe, Yaya, kafin Baba ya buɗe kwalbar.

Wassalam.
Ni ce ƙanwarka,
'Yar Shiru