Sallama a Zauren Tayyib

Litinin, 7 ga Oktoba
Wata huɗu ke nan da rasuwar ƙanena Tayyib, sai yau na iya buɗe wayarsa. Na shiga shafin da ya ɗora gem ɗinsa kyauta, wasan waya, wanda ya zana gidanmu na Runka a ciki, da zauren da rumbun da bishiyar ƙofar gida, kamar ba mu taɓa gudowa Batsari ba. Mutum goma sha tara sun rubuta ra'ayinsu. Da ma ban karanta ba.

Talata, 8 ga Oktoba
Na sake karantawa. "Ƙofa ba ta buɗuwa." "Ɓata lokaci ne." Wani ya rubuta da Hausa wai mai wannan abin ya koma gona. Gonar ma ai an raba mu da ita, malam.
Abin da ba su sani ba, gidanmu ba a faɗa masa haka nan. Sai ka tsaya a zaure, ka danna maɓallin sallama, ka jira. Tayyib ya naɗi muryarsa tana amsawa: "Wa alaikumus salam, shigo daga ciki." Su kuwa ƙofar suke ta dannawa. Mutanen da ba a koya wa sallama ba su ne za su koya masa aiki?

Alhamis, 10 ga Oktoba
Daga makaranta na biya shagon Jinjiri, abokinsa mai gyaran waya, wanda suka haɗa gem ɗin tare. Na nuna masa abin da suka rubuta, ina jiran ya taya ni faɗa. Sai cewa ya yi, "Yaya Safiya, gaskiya suka faɗa. Maɓallin ya yi ƙanƙanta, ga kalarsa ɗaya da bango. Na sha gaya mishi. Ki bari in gyara."
Na ce kada ya kuskura ya taɓa. Yana da rai ba ka gyara ba, sai yanzu da ba ya iya hana ka? Ya sunkuyar da kai. Na zalunce shi, na sani.

Asabar, 12 ga Oktoba
Ra'ayi na ashirin. Tauraro ɗaya cikin biyar aka ba gem ɗin. Na kasa cin abincin rana.

Laraba, 16 ga Oktoba
Sau biyu ina kai yatsa zan goge gem ɗin daga shafin, kowa ya huta. Amma idan na goge, ina gidan yake kuma? Na Runka ko rufi babu. Idan an gyara kuma, ba yadda hannunsa ya bar shi ba ne. Duka biyun tsoro suke ba ni.

Juma'a, 18 ga Oktoba
Inna ta ji ni a ɗaki ina sauraron muryarsa. Tun rasuwar ba ta yarda a kunna mata komai nasa ba, amma yau ta ce, "Miƙo nan, ni ma in shiga gidana."
Na ba ta. Ta gane zauren nan take, har ta ce ya manta tabarmar Baba. Ban gaya mata komai ba, don ina so in ga ta shiga da kanta, in san waɗancan ne jahilai. Ta kawo wayar kusa da baki ta yi sallama. Shiru. Ta laluba da yatsa, ta bi ta kan maɓallin ba ta gan shi ba. Ta sake sallama, ta yi ta uku, sannan ta miƙo min.
"Ba kowa a gidan," in ji ta.
Na ce Inna tsaya in nuna miki. Ta ce a'a, an yi uku, ba a ƙarawa. Ta tashi ta tafi alwala. Na yi kuka har kaina ya yi ciwo, kuma ba da masu rubutun nake fushi ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba
Ban buɗe shafin ba.

Talata, 22 ga Oktoba
Na bi ta shagon Jinjiri, cajata ce ta lalace, ba wani abu ba. Da zan tafi na ce, maɓallin nan, a ƙara masa girma, a sa shi fari. Jiran dai kada ya rage ko daƙiƙa ɗaya. Ba gyara ba ne wannan, na gaya masa. Ya ce to.
Ya ce zai gama ranar Alhamis. Ban san yadda zan roƙi Inna ta sake yin sallama ba.