Gwaggon da Ba a Sani Ba a Horo Birni

Boɗinga,
4 ga Oktoba.

Zuwa ga aminina Malam Mainasara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da kai da iyali da sauran mutanen Shagari. Yaya gwiwar nan taka? Yaya yankan gero? Mu nan lafiya lau, sai tsufa.

Kada ka yi dariya don ka ga takarda a hannun Tukur direba, alhali kowa ya koma latse-latse. Ni ban koma ba. Tun shekarar da aka sallame mu daga aikin duba makarantu, bayan rushewar jamhuriya ta biyu, muka koma bin layin sabulu da madara, na daina yarda da duk abin da aka ce mini ci gaba ne. Shekara arba'in ke nan ba wanda ya nemi shawarata, ko a kan rufin masallaci.

Alfarma nake nema. Ka san Khadijatu, 'yar ɗana Lawali, mai shekara sha uku. Malamarsu tana turo musu darasi ta wayar uwarta Safinatu, don shirin jarrabawar shiga makarantar kimiyya ta 'yan mata. Shekaranjiya ta same ni a zaure da wayar, wai in duba mata amsar da ta rubuta wa wata babba, kada a ce ba ta da ladabi. Na sa tabarau na karanta. Wata ce mai kiran kanta Gwaggo Amina, 'yar gidan Mode na Horo Birni, dangin Safinatu ta wajen uwa. Mako uku tana yabon yarinyar, tana cewa za ta samo mata gurbi ko ba ta ci jarrabawa ba. Ta riga ta karɓi hotonta da sunan makarantarsu. Yanzu tana tambayar lokacin da ake tashi daga Islamiyya da hanyar da take bi, kuma ta ce kada kowa ya ji, don a yi wa iyaye bazata.

Safinatu ta ce ba ta san ta ba, amma danginsu da yawa, tana jin nauyin ƙaryata babba. Lawali kuwa ya ɗauko taɓarya zai farfasa wayar. Idan ya fasa, darasi ya ƙare, makarantar kimiyya ma ta ƙare, kuma yarinyar nan ta fi ni kai lokacin da nake kamarta. Na ƙwace wayar na kulle a akwatin da takardun shaidata suke. Karon farko ke nan da akwatin ya yi amfani. Lawali ya ba ni zuwa Juma'a ta sama.

Don Allah ka leƙa Horo Birni ka tambayo mini wannan baiwar Allah.

Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
Sodangi.


Boɗinga,
10 ga Oktoba.

Aminina Mainasara,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma yi maka sannu da hanya. Allah ya saka da alheri, ya sa gwiwa ba ta tashi ba. Takardarka ta iso, kuma na karanta ta sau uku, musamman inda ka ce Mode guda aka sani a garin, makiyayi, 'ya'yansa bakwai duk maza, har ya ce in an gano masa 'ya mace a turo ta ta taya shi tatsa. Rabona da dariya irin wannan na manta.

Kafin amsarka ta zo ban zauna ba. Na tuna yadda mahaifina yake yi idan baƙo ya yi sallama ya ce shi dangi ne. Zai ba shi ruwa, ya ba shi tabarma, amma ba zai wuce zaure ba sai ya faɗi gidan da ya fito, da wanda ya san shi a cikinmu, da rasuwar da ya taɓa zuwa mana ta'aziyya. Na zaunar da Khadijatu da iyayenta, na ce ta rubuta waɗannan tambayoyi uku da hannunta. Ta zaro ido, ta ce, "Malam Tsoho, ba kai ka ce yaro ba ya titsiye babba ba?"

Mainasara, maganar ta soke ni, don gaskiya ta faɗa. Ni na koya mata durƙusawa da sunkuyar da kai da cewa to. Ban taɓa gaya mata cewa a cikin waya kowa zai iya zama gwaggo ba, don ni kaina na ƙi sani. Ina zaune ina zagin zamani, baƙi suna shiga ɗakin jikata ba sallama.

Ta rubuta. Gwaggo ta kauce wa ta farko da ta biyu da zaƙin baki. A ta uku ta ce abin kunya ne a tuhumi dangi, a dai gaishe mata da kakar yarinyar, wai sun gaisa a waya da ƙaramar salla. Ka san kakar tata, matata Kaltume, ta cika shekara shida a ƙasa. Safinatu ta saki salati, ta rungume 'yarta.

Daga nan sai ɗaliba ta zama malama. Khadijatu ta nuna mana yadda ake ɗaukar hoton saƙonni don shaida, da yadda ake toshe lamba, da inda ake rufe hoto kada baƙo ya gani. Sau huɗu yatsana yana zamewa, tana ce mini sufeton da ya faɗi aji ɗaya. Na kai shaidar wajen shugabar makarantarsu, ita kuma ta sanar da hukuma. An gano lambar nan ta aika wa wasu 'yan ajinsu biyu irin wannan saƙo, a can kuma sunanta Inna.

Lawali bai janye maganar fasa wayar ba tukuna. Gobe ne wa'adi. Ka taya mu da addu'a.

Naka har kullum,
Sodangi.


Boɗinga,
2 ga Nuwamba.

Aminina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali. Na gode da kwandon albasa, ko da yake tamu ta nan Danchadi ta fi taka girma.

Albishirinka. Lawali ya mayar da taɓarya wajen turmi. Bayan sallar Juma'a ya zo ya durƙusa, ya ce a ci gaba da darasi, da sharaɗin waya ta kwana a ɗakin uwa, a yi karatu a tsakar gida inda ido yake, kuma duk sabuwar lamba a kawo ta zaure. Ni kuma na ƙara nawa sharaɗi a kansa: ranar da yarinya ta kawo abin da ya tsorata ta, ba duka, ba tsawa, ba ƙwace waya. Na ce masa da ta san taɓarya ce ke jiran ta, da ba ta kawo mini wannan saƙo ba, da yanzu wani labari nake rubuta maka.

Sauran labarin ma ba za ka yarda ba. Safinatu ta ba da labari a gidan suna, yanzu kowace Asabar da hantsi iyaye ne cike da zaurena, har daga Sifawa. Mata a shimfiɗa ta ciki, maza a bakin ƙofa, kowa da waya a hannu. Ni ina koyar da tambayoyi uku, da cewa duk wanda ya ce wa yaro kada iyayenka su ji, to a ranar ya kamata su ji. Khadijatu tana koyar da latsawa. Haliru mai shayi ya tambaya ko za a ba da takardar shaida. Na ce ina da akwati guda, ya zo ya zaɓa. Na fito da farar rigata ta duba makarantu, ta yi mini yawa, amma ina sawa. Gwamnati ba ta neme ni ba har yau, kuma na lura kwana biyu ban tuna da ita ba.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Na ji ka fusata. An ce ka ari wayar ɗanka Ɗahiru ka aika wa Khadijatu saƙo, ka ce kai kakanta ne na Shagari, kana yi mata fatan cin jarrabawa, ita kuma ta tsare ka da tambayoyi. Ta kawo mini na gani. Gida ka faɗa daidai, wanda ya san ka ma ka ambace ni, har da sunan da kuke kira na a kwaleji, wanda ban yafe ba. Amma a ta uku ka rubuta mata cewa ita ƙaramar marar kunya ce, ka kashe waya.

Na gaya mata kai ne ka riƙe kafaɗata a maƙabarta ranar jana'izar Kaltume, ka kwana uku a zauren nan. Ta ce ta yarda da ni, amma ba ni aka tambaya ba.

Saboda haka, malam, ka sauke girman kai ka amsa mata. Ta ce tabarmarka tana shimfiɗe a zaure, da ruwan sha.

Ka gaida Hajiya, ka gaida Mode da 'ya'yansa bakwai.

Amininka,
Sodangi.