Izinin Azumin Maijidda

Lahadi, 8 ga Yuli, 1984
Shuka ta biyu ma ta ƙone. An fita roƙon ruwa, na juya rigata baibai kamar kowa. A raina kuwa sama wayam take, babu mai ji. Tun da muka binne 'yarmu Asiya na gama da wannan zancen. Ko matata Maijidda ba ta sani ba.

Laraba, 11 ga Yuli
Ta durƙusa ta ce, "Malam, a ba ni izini in yi azumin gobe." Mace ba ta azumin nafila sai miji ya yarda. Na ce a'a, ba dalili. Dalilin: na ga fuskarta tana addu'a bayan la'asar. Ba ta taɓa dubana haka ba, ko ranar da aka kawo ta.

Alhamis, 12 ga Yuli
Ta sha kunu a gabana, ko ɓata rai babu. Da ma ta yi fushi!

Litinin, 16 ga Yuli
Na tambaye ta, in na neme ta ta zo, don ni take zuwa? Ta yi dariya. "Ai akwai lada, Malam." Lada! Ashe ko a shimfiɗata ni ɗan aike ne. Na so in ce mata so jini ne da nama, kuma duk abincin gara ne. Kishi na cin raina.

Juma'a, 20 ga Yuli
In babu kowa a can, to da wa nake kishi?

Laraba, 25 ga Yuli
Tana sussukar ɗan abin da ya rage a rumbu, na ji tana gaya wa ƙanwarta Huseina: "Ba ruwa nake roƙo ba. Malam nake roƙa wa. Tun rasuwar yarinyar nan, jikinsa kaɗai ke salla."
Ashe ta sani. Ashe zancena suke yi, ita da Shi.

Alhamis, 26 ga Yuli
Jiya na ce ta yi azuminta. Ni ma ban ci komai ba yau. Ba azumi ba ne, hatsin ne ya ja baya. Da aka kira magariba ta miƙo mini moɗa, ban sha ba sai da ta gama addu'arta.