Farfesun da 'Yan Dubiya Suka Shanye

Laraba da dare, Sri Petaling

An ɗaga aikin Baban Ilham. Likitar ta ce yanke dajin da ke hanjinsa ba wuya, tashi bayan aikin ne abin ji. Jininsa ya nuna yunwa ta ci shi, garkuwar jiki ta yi ƙasa, kuma irinsu aka fi rasawa.

Yunwa, a gidana? Ni da nake wuni a kan tukunyar farfesu?

A jirgin ƙasa muna dawowa daga asibiti na ritsa shi. Ya sunkuyar da kai. “Ɗalibanmu na gida da ke karatu a ƙasar nan ne ke zuwa dubiya, Maman Ilham. Ya zan ci suna kallo? Sai in ce bismillah.” Ni kuwa da na ji sallamar maza sai in shige ɗaki, in fito in tarar da kwano fes, in yi hamdala.

Yana barci yanzu, ruwan sama na ta zuba. Da na lumshe ido sai in gan shi a tsakar gidanmu na Kano, kumatu cike, yana suɗe kwanon tuwo, Inna na yi masa dariya.

Gobe a falo zan zauna har ya cinye. Gara su ce da ni marowaciya da su zo mini ta'aziyya.