Rezistar da Na Yanke

Zurmi, 4 ga Yuli

Zuwa ga ɗana Faruk,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ya karatu, ya mutanen Ƙaura? Mu kam lafiya, in ban da mahaifinka.

Cajar batir ɗin da ka haɗa masa ta ji masa ciwo. Wata waya ce ta kwance a ciki. Ya zare cajar daga wuta, ya jira minti biyar kamar yadda ka ce, sannan ya sa hannu. Wuta ta yi jifa da shi, yatsu biyu sun ƙone, ga ɗinkin mutane jibge. Ya ce ƙarshen wata za ka bar makaranta, ka tafi Shinkafi wurin Baffa Nasidi koyon cinikin shanu.

Sau nawa na hana ka rawar kai? Ka ji tsoron Allah.

Mahaifiyarka,
Zulaihat

Zurmi, 11 ga Yuli

Faruk ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Yatsun Malam da sauƙi.

Akwai abin da na ɓoye maka. Kwana biyu kafin abin ya faru ina goge cajar, an riga an kashe ta, sai na taɓa wani ɗan abu mai zane-zane a ciki, na ji shi da zafi. Na ce wannan yana cin wuta a banza, wata rana ma ya jawo gobara. Ka san ni da ƙin almubazzaranci. Na ɗauki almakashin Malam na yanke shi, ban tambayi kowa ba.

Shekaranjiya na buɗe littafinka da ka bari. Da hannunka ka rubuta cewa kafasita tana riƙe wuta ko an zare, kuma rezista, wato ɗan abin nan mai zane-zane, ita ce ke shanye wutar a hankali, tana mai da ita zafi har ta ƙare. Ashe zafin nan aikinta ne take yi. Gaskiya ma tun ranar zuciyata ta ba ni, amma na zauna na rubuta maka wa'azi.

Yau da safe na gaya wa Malam. Bai taɓa kokon da na dama masa ba. Amma ya aika wa Baffanka cewa ba ka zuwa.

Ka zauna ka yi jarrabawarka. Na so in ce ka riƙa yi wa kayanka murfi, sai na tuna cajar tana da murfinta, ni na buɗe. Ka yafe mini.

Mahaifiyarka,
Zulaihat