Ɗakin Sanyi da Hannun Abel

Litinin, 3 ga Maris, 2008

Shugaban kwaleji ya kira ni ofishinsa. Magana ɗaya ce: daga yau ɗakin kwamfuta na laburare ya dawo hannuna. Saurayin da ƙungiyar agajin da ta ba mu kwamfutocin ta horar don aikin ya samu wani aikin a Abuja, ya tafi. Masu ƙungiyar za su dawo a Yuli. Wai daga can inda suke suna ganin ko ana buɗe mujallun noma da na lafiya da suka biya mana, ko ba a buɗewa. In suka ga ba a amfani da su, za su kwashe kwamfutocin da farantin intanet da ke kan rufi su kai wata makaranta.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni littafi na sani." Ya ce, "Madam Keziah, wannan ma littafi ne, bango ne kawai ba shi da shi."

A ɗakin nan ne littattafan kiwo suke da. Ni na jera su da hannuna. Bara aka tura su sito, gara har ta fara taɓa su. In za a kwashe kwamfutocin, a kwashe. Allah Ya gafarta mini, abin da ke raina ke nan.

Alhamis, 6 ga Maris

Ɗalibai suna kiransa Ɗakin Sanyi, saboda na'urar sanyaya ɗaki. Abin da ke kawo su ke nan. Wasu su duba sakamakon ƙwallo, wasu su kifa kai su yi barci.

Laraba, 12 ga Maris

Na shirya wa malamai bita. Maijidda, matashiyar malamar sashen abinci, ita ta yi bayani, don tana digiri na biyu a Sakkwato, ta saba. Ni na raba lemo da biskit. Lemo na ƙarewa ɗaki ya watse.

Malam Muntaka na sashen dabbobi, wanda ya girmi kowa a kwalejin, ya tsaya a bakin ƙofa bai ko shigo ba. Da harshensa na Kabi ya ce, "Mi za ni nema ciki? Ni na baro Zariya tun ba a haihi yaran ga ba." Wasu suka yi dariya. Na san abin da ba a faɗa: in ɗalibi ya iya neman karatu da kansa, wa zai sayi handawut, takardun darasin da malamai ke sayarwa?

Lahadi, 23 ga Maris

Ista. A coci mijina Abel ya kasa riƙe littafin waƙa, takardun sai karkarwa suke. Ya rufe, ya cusa hannun dama a aljihu, ya ci gaba da waƙa da ka. Ya ɗauka ban gani ba.

Tun bara nake gani. Mijin nan nawa da ya yi golmo, noman neman aure, a gonar babana, ya noma ta damina bayan damina kafin a ba shi ni. Wanda ya yi soja har ya yi ritaya ba a taɓa kwantar da shi asibiti ba. Yau shayi ya zube masa a riga.

Asabar, 29 ga Maris

Yayarsa Theresa ta zo daga Dirin Daji. Ta ja ni bayan rumbu ta ce sammu ne, ta san wani tsoho a kan dutse. Na ce mun je asibiti, an ce hawan jini ne da tsufa. Ta ce, "Tsufa? Ni da na goya shi hannuna bai rawa."

Bayan ta tafi, Abel yana zaune gindin mangwaro ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Maman Praise, ki bar wahalar da kanki. Hannun da ya riƙe bindiga ne. Alhaki ne ya zo karɓar nasa."

Bai taɓa ba ni labarin yaƙin basasa ba. Ban taɓa tambaya ba.

Talata, 8 ga Afrilu

Babu wuta. Babu man janareta. Na zauna na share allunan kwamfutoci da tsumma, kamar mai gadin maƙabarta.

Juma'a, 11 ga Afrilu

An kawo wuta da rana, Musulmi sun tafi masallaci, ɗakin ba kowa. Maijidda ta leƙo za ta wuce, na ce ta nuna mini inda ake rubuta abin da ake nema. Ta tambaya me nake nema. Na ce ba komai, koyo nake. Yarinyar tana da hankali. Ta nuna mini, ta ce za ta je ta ɗauko jakarta, ba ta dawo ba.

Da yatsa ɗaya na rubuta: rawar hannu, tsoho, hannu ɗaya. Abin ya daɗe yana juyawa. Sannan rubuce-rubuce suka fito, rututu.

Da yawa ban gane ba, Turancin likitoci ne. Amma ɗaya na gane. Hannu yana rawa in yana hutawa, ya lafa in an kama aiki. Rubutu yana ƙanƙancewa. Fuska tana daskarewa kamar mutum yana fushi. Tafiya da jan ƙafa, hannu ɗaya ba ya lilo.

Wani bature da bai san akwai garinmu Zuru a duniya ba ya zauna ya rubuta mijina. Har fuskar. Ni da nake ta zaton fushi yake da ni tun Kirsimeti.

Cutar Fakinsan. A ƙasa an ce akwai maganin da ke rage ta. Ba a ce akwai mai warkar da ita ba. Na karanta wurin har ya zauna mini.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Ban faɗa masa ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na faɗa masa. Na buga takardar na kawo gida, na karanta masa, ina juyawa da Hausa, inda Hausa ta gaza in sa yarenmu C'lela. Na ce ni ba likita ba ce, sai mun je Sakkwato. Ya saurara har ƙarshe bai motsa ba.

Sai ya ce, "Waɗannan da aka rubuta, duk sojoji ne?"

Na ce a'a. Akwai manoma, akwai malaman makaranta, akwai mata tsofaffi da ba su taɓa yanka ko kaza ba.

"Mata ma?"

Na ce mata ma.

Ya tashi ya tafi wajen awaki. Ya daɗe. Na leƙa ta taga na ga ya dafa turke, kafaɗunsa suna motsi. Na saki labule.

Laraba, 30 ga Afrilu

Mun dawo daga Sakkwato jiya, hanyar nan ta kusa kashe mu. Likitan ya sa shi tafiya, ya sa shi rubutu, ya lanƙwasa masa gwiwar hannu. Ya faɗi sunan da na riga na sani. Ya ba da ƙwayoyi. Ya ce za ta ci gaba a hankali, kada in yaudari kaina.

Ina jin da ban sani ba, da na fi samun barci. Amma Abel ya ci tuwo ya ƙara. Rabon da ya ƙara, na manta.

Litinin, 12 ga Mayu

Na roƙi wani malami ya bar mini ƙarshen darasinsa da 'yan ajin ƙarshe. Na shiga da niyyar in yi musu bayanin lambar sirri da sunayen mujallu, kamar yadda aka rubuta a takardar ƙungiya. Na ga idanunsu, na san ba su tare da ni. Sai kawai na ji bakina ya ce, "A gidajenku, me ke damun ku da ba wanda ya ba ku amsarsa?"

Suka dubi juna. Can wani dogo daga Sakaba, Godswill, ya ce ƙuduji ya cinye dawar babansa, har tsohon yana maganar barin gonar. Wata ta ce ƙwari a rumbun wake. Wani ya ce awakinsu na zawo duk farkon damina. Kafin in ankara ana ta ɗaga hannu.

Na ce gobe kowa ya zo da tambayarsa, kada ya zo da biro kawai.

Alhamis, 15 ga Mayu

Sun zo. Ba duka ba. Ni da Maijidda muna zagayawa. Sau da yawa nakan ce ban sani ba, mu gwada wata kalmar. Godswill ya samo rubutun wasu masu bincike a kan haɗa shukar dawa da waken suya don rage ƙuduji. Ya ce, "Mama, ashe har a Kenya ƙuduji yana damun mutane?" Ya kwafe da hannu, don tawadar injin bugawa ta ƙare.

Ana tsaka da haka aka ɗauke wuta. Ba su tashi ba, suka zauna cikin zafi suna jira.

Talata, 27 ga Mayu

Malam Muntaka ya kai ƙarata wajen Shugaba. Wai ina zuga ɗalibai suna kawo masa tambayoyin da ba sa cikin manhaja. Shugaba ya ce in bi a hankali. Na ce to.

Asabar, 7 ga Yuni

Ruwa ya sauka sosai. Abel ya fita da fartanya, ya yi kunya biyu ya dawo. Ƙwayoyin suna aiki da safe, yamma na yi su sake shi. 'Yarmu Praise ta yi waya daga Kaduna, ta ce za ta bar karatu ta dawo. Ya karɓi wayar ya ce in ta kuskura.

Juma'a, 20 ga Yuni

Ina shirin rufewa sai ga Malam Muntaka. Na ɗauka faɗa ya kawo. Ya dubi hagu ya dubi dama, ya shigo ya tsaya kusa da kujera bai zauna ba.

Ya ce tun yana Zariya ya taɓa rubuta wani bincike a kan tsutsar cikin jajayen awaki, aka buga a wata mujalla. Kwafinsa ɗaya ya ɓace a ƙaura. "Ko abin ga naku ya san da shi?"

Na ce ya zauna. Ya kama linzamin kwamfutar kamar mai kama kunama. Ina nuna masa da bakin biro inda zai danna. Ya rubuta sunansa da kansa, harafi bayan harafi.

Binciken bai fito ba, mujallar ba ta cikin namu. Na ga fuskarsa ta faɗi. Amma a ƙasa sai ga wani rubutu na wasu mutanen Sudan, na shekarun nan, sun ambaci aikinsa, da sunansa da shekarar. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

"Ashe an karanta," ya ce. Ba da ni yake ba.

Da zai fita ya tambayi jikin maigidana. Ban san ya sani ba.

Laraba, 25 ga Yuni

Ya turo ajinsa duka. Shi bai zo ba.

Alhamis, 17 ga Yuli

Masu ƙungiya sun zo sun tafi. Wata mata ce da wani mutum, duk 'yan ƙasar nan. Sun ce har yanzu muna baya, malamai musamman, amma sun ga motsi tun Mayu. Za su bar mana kayan shekara guda, sannan a sake dubawa. Shugaba ya yi ta murna kamar an ce har abada. Matar ta tambaye ni wace dabara na yi. Na ce ba dabara.

Da na dawo gida na tarar Abel ya faɗi a bayan gida, ya fasa goshi. Maƙwabta ne suka ɗaga shi. Yana zaune da tsumma a kai yana ba su haƙuri.

Lahadi, 27 ga Yuli

Yau ya bar ni na ɓalla masa maɓallan riga. A coci bai sa hannun a aljihu ba. Ya ɗora shi a gwiwa, yana rawarsa, kowa na gani.

Litinin, 4 ga Agusta

Shugaba ya ce an samu wata mai digirin kwamfuta, Sandra, za ta karɓi ɗakin kwamfuta wata mai zuwa. Ya ce yanzu zan huta, in koma wajen littattafaina, in samu lokacin jinya. Ya ɗauka albishir yake mini.

Na ce a bari a gama zangon nan tukuna.

Ba don komai ba. Yarinyar ba ta san ɗalibanmu ba, za ta fara musu da lambar sirri su gudu. Kuma akwai wani rubutu a kan motsa jiki ga masu irin ciwon Abel da ban gama ba, Turancinsa da tauri. Malam Muntaka ma ya ce zai leƙo ranar Juma'a, kuma na san ba zai yarda ya zauna gaban ƙaramar yarinya yana lalube ba.

Na gaya wa Abel. Ya dube ni da fuskar nan tasa da ba ta motsi yanzu, sai idanun. Ya ce, "Zango ɗaya, ko?"

Na ce ya sha maganinsa.