Kayan Gwajina Sun Koɗe

Laraba, bayan isha'i.

Tun da zazzaɓin Lassa ya shigo gari nake jiƙa kayan gwajin ƙwaƙwalwar yara a ruwan bilic kullum. Ƙwayoyin cuta sun mutu, launuka ma sun bi su.

Yau Malam Sabo mai shago a Wunti ya kawo 'yarsa Hafsa, wadda ta tashi daga wannan jinya. So yake ya ji ko ciwon ya taɓa mata ƙwaƙwalwa kafin ya mayar da ita makaranta. Na zube 'yan katako masu launi-launi na gwajin a gabanta, na ce ta ware jajaye. Ta duba, ta sake dubawa, ta kasa ɗaukar ko ɗaya. Da gaskiyarta, babu sauran ja a cikinsu.

Na ce, "Malam, laifin kayana ne, ba nata ba."

Ya ce, "Likita, Allah ya saka, amma ba sai kin lallashe ni ba. Na gani da idona."

Na roƙe shi su dawo in na samo sababbi. Ya ce to, irin "to" ɗin da ba a dawowa. A bakin ƙofa na ji yana ce mata, "Daina kuka, uwata. Boko ba dole ba ne."